Shekarar da Na Tuɓe wa Alhaji Rawani

Yaya Ila ya yi fitsari! Da wanga zan fara, wanda ya ji ƙyama ya kife portabul ɗinshi, wayar hannu nake nufi. Kwana uku cur muna zaune gidan likita muna kallon wata ƴar jakar roba da anka rataya gefen gadonshi, babu ko ɗigo. Ran na huɗu da hantsi sai ga shi yana sauka, ja wur kamar shayin farko. Inna mahaifiyarmu ta rangaɗa guɗa cikin ɗakin marasa lafiya, ni ko na fita tsakar gida ina tsalle kamar an ce na ci bak, jarabawar gama sakandare. Bak ɗin ma na ci shi daga baya, amma wallahi murnar ba ta kai ta fitsarin nan ba, ko rabi ba ta kai ba, même pas. Ƙodar yayana ta tashi, bai mutu ba, ga shi can yanzu haka yana kwance injin wani yana yi mini tsiya.

Abba, kai nake rubuta wa, ko da yake wata takwas gare ka, abin da ka iya kawai shi ne tsotsar kusurwar portabul ɗina. Ni ne baffanka Muntari, wanda duk unguwa ke ce wa Rezo saboda kullum hannuna sama ina neman rezo, wato sabis ɗin waya. Yaya Ila ubanka ne. Alhaji kuwa kakanka ne, mahaifin uwarka Dije, sunanshi anka sa maka, shi ya sa muke ce maka Abba. Kafin ka iya magana an riga an raɗa wa shekarar haihuwarka suna cikin gidanmu: shekarar da Rezo ya tuɓe Alhaji. Haka za ka tashi ka ji ana faɗi, ana girgiza kai, ana cewa ƴan lekol, yaran boko, ba su da kunya. To ni ban yarda ka ji rabin labari ba. E, na tuɓe shi. In an maido ranar ma sai in sake. Amma ka ji yadda anka yi.

Bazara ce, bayan ƙaramar salla, lokacin da iskar Agadas ke bugun fuska kamar an buɗe murhun mai burodi. Alhaji yana da hannu cikin wani lambu a Tabelot, can cikin duwatsu, shi da wani abokinshi manomi, an yafa irin albasa. Sai saƙo ya zo injin ban-ruwa ya mutu. Wanda ya san lambu ya san irin albasa ba ya kwana biyu babu ruwa cikin wanga zafi. Yaya Ila kuwa gyaran injin ban-ruwa shi ne sana'arshi, ga shi suruki, wa za a kira in ba shi ba? Alhaji ya ce shi ma sai ya je ya gani da idonshi. Anka shirya: Yaya zai ɗauki Alhaji bisa motonshi, wato babur, ni in hau moton Baba, mahaifinmu baduku, in ɗauko kayan aiki da bido biyu, jarkokin ruwa. Na yi murna grave, ba kaɗan ba. Asabar ce, babu lise, makarantarmu ta sakandare, ga duwatsu, ga vidiyo da zan zuba cikin grup ɗin ajinmu.

Inna ta kwana da shiri. Ta daka gumba da cuku da dabino, ta jiƙa buhunan da anka ɗinke bido da su don iska ta riƙa sanyaya ruwan. Tana ɗaure mini ƙullin gumba ta kama hannuna.

«Muntari, ka kula da yayanka. Ka dai san da wa zai tafi.»

«Pas de problème, ba matsala, Inna,» na ce, idona na kan portabul.

Ka riƙe wagga magana, za mu komo kanta.

An ce da an sallame asuba za a tashi. Sai Alhaji ya tsaya buɗe shago, ya tsaya gaisawa da baƙi, ya tsaya jiran mai saida kayan inji ya buɗe. Ba mu bar gari ba sai da rana ta ɗaga sosai. Duk wanda ya saba da hanyar duwatsu ya san wanga kuskure ne: da bazara ana tafiya da sanyin safiya, in rana ta take a nemi inuwa a kwanta, sai la'asar a ci gaba. Yaya ya sani sarai, aikinshi ne. Amma yaya zai buɗe baki ya ce wa surukinshi ya makara? Ya ja amawali, wato ɓangaren rawanin nan da ke rufe baki da hanci, ya tada moto.

To ga inda gizo ke saƙa. A wajenmu suruki ba ya ci ba ya sha gaban uban matarshi. Ba ya sauke amawali gabanshi, ba ya faɗin sunanshi, ko kallon ido da ido ba ya yi. Ubanka kuwa a wanga fanni ba shi da na biyu, har misali ake yi da shi. Baba kullum faɗi yake: «Ku dubi Ila, in ya hangi surukinshi ƙarshen layi, ko ruwa ne bakinshi sai ya tofar.» Ana tafa mishi. To yau ga uban mata manne da bayanshi, gwiwa da gwiwa, yini guda. Alhaji yana da ɗan butalinshi rataye a wuya, in ƙishi ya kama shi sai ya kau da kai ya kurɓa, moto na tafiya. Wanda ke riƙe da kan moto, wanda iska mai zafi ke duka kai tsaye, shi ne bai sha komi ba tun shayin asuba.

Hanyar kuma ba kwalta ba ce, Abba. Pist ce, dutse da rairayi. In anka zo ƙorama busassa ƙafar moto sai ta nutse, sai an sauka an tura. Alhaji mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa, ba ya iya taka rairayi mai zurfi. Yaya ya ce mishi ya zauna abinshi. Na ga ubanka da idona yana tura moto da mutum bisa, ƙorama bayan ƙorama, rigarshi ta jiƙe sharkaf. Ni mi nake yi? Vidiyo. Har da sa waƙa. Ba zan ɓoye maka nawa ba.

Da azahar munka tsaya ƙarƙashin wata aduwa, itace ɗaya tilo, inuwarta ba ta fi tabarma biyu ba. Alhaji ya zauna, ya dama gumba ya sha, ya yi hamdala. Yaya ya koma wajen moto kamar yana duba wani abu, sai Alhaji ya kira shi.

«Malam Ila, zo ka gaya mini, in fiston ne ya ƙone, yau za a gama?»

Ya dawo ya durƙusa. Duk sadda ya yunƙura zai tashi sai wata tambaya ta biyo. Ni kuma, gwanin hankali, na ɗago bido na ce da ƙarfi, gaban kowa:

«Yaya, ga ruwa, sha mana!»

Ya harare ni ta saman amawali.

«Na ƙoshi.»

Na ɗauka gaskiya ne. Na sha nawa, na hau wani dutse ina ɗaga portabul ko zan samu sanda guda ta rezo. Da anka zo salla Alhaji ya ce ruwan hanya ba na wasa ba ne, a yi taimama. Ko kurkurar bakin alwala Yaya bai samu ba ke nan. Munka sallame, Yaya ya yi ƙarfin hali ya ce, kanshi ƙasa, ko za a jira rana ta karya.

«Albasa ba ta san la'asar ba,» in ji Alhaji. «Mu je.»

Ina bayansu na fara ganin abin. Rigar Yaya da ta jiƙe ɗazu ta bushe ƙarau, sai farin zanen gishiri a baya. Na ce cikin raina, ai ya huta da zufa. Ban san zufa in ta ɗauke cikin irin wanga zafi ba hutu ba ne, jiki ne ya ƙare ruwa. Sai motonshi ya fara layi kamar na ɗan koyo, mutumin da ke bin hanyar nan ido rufe. Munka shiga wata ƙorama mai goriba, sai na ga moto ya kwanta a hankali, Alhaji ya mirgine gefe guda, Yaya bai ko sa hannu ya tare ba.

Na yar da nawa moton na ruga. Idonshi buɗe amma ba ni yake gani ba. Na taɓa wuyanshi, wallahi kamar murfin tukunya.

«Dije, rufe tagar nan,» ya ce. «Injin ya sha mai.»

Alhaji ya rarrafo yana salati.

«Iskokin ƙoramar nan ne. Bari in tofa mishi.»

Addu'a ba ta ɓaci, ban hana ba. Amma nan take darasin mushe, malaminmu na SVT, wato ilimin halittu, ya faɗo mini, wanda na saurara da rabin kunne: bugun rana, a kai inuwa, a cire tufa, a jiƙa jiki, a yi fifita, kar a ɗura ruwa bakin wanda ba ya cikin hayyacinshi. Na kama hammatarshi na ja shi gindin goriba. Na kai hannu ga rawaninshi.

«Kai, yaro! Kar ka buɗe mishi fuska gabana, in ya farka ba zai ji daɗi ba.»

«Alhaji, matsa!»

Haka na ce. Ba «don Allah», ba «ranka ya daɗe». Na warware rawanin, na yage rigar, na kwance bido guda na riƙa zuba mishi a kai, a wuya, a hammata. Na miƙa wa Alhaji kwalin kayan inji na ce ya yi fifita, da ƙarfi, kar ya tsaya. Dattijon da ko ƴaƴanshi ba su aike shi, ga shi durƙushe cikin rairayi yana fifita bisa umarnin ɗan terminal, ajin ƙarshe na lise. Can Yaya ya yi ajiyar zuciya, idonshi ya dawo, ya ce «Rezo?» Na ce alhamdu lillahi, na tallabo kanshi na kawo murfin bido cike da ruwa bakinshi.

Abba, abin da ya biyo baya shi ne har yau ban manta ba. Ubanka, leɓenshi ya tsage, harshenshi kamar busasshiyar fata, ya ɗaga ido ya ga Alhaji. Sai ya rufe baki gam. Ya kau da kai. Hannunshi na laluben amawalin da babu. Mutum na bakin kabari yana neman abin rufe baki! Wace irin kunya ce wagga, jama'a? Wa ta yi wa amfani? Da ya mutu nan, a rubuta mi bisa kabarin, «ga wanda bai taɓa sha gaban surukinshi ba»? Dije da cikinka wata biyar ta dafa wanga yabo ta ci?

Na juya na daka wa kakanka tsawa.

«Juya mana baya! Juya, Alhaji, kai ne ba ya iya sha gabanka tun safe!»

Ya dube ni baki buɗe. Ina jin sai lokacin lissafin ya shigo mishi. Ya juya, ya fuskanci dutse kamar ɗan lekol da anka hukunta. Yaya ya kurɓa sau uku, ya amayar, ya sake lumshewa. Na san wanga ya fi ƙarfina, sai gidan likita, Tabelot kuma ta fi kusa da komawa gida. Amma ba ya iya zama bisa moto, balle ya riƙe ni. Sai an ɗaure shi a bayana. Nashi rawanin na jiƙa shi na naɗe mishi kai da ƙirji, ba ni cire shi. Robar ɗaurin kaya in na ja ta sai ta yanke mishi numfashi. Ni kuwa ba ni da rawani, ƴar hula ce da kaske, hular kwanon nan, wai ni ɗan gayu. Na duba ko'ina. Abu ɗaya ne mai tsawo cikin ƙoramar nan, yana kan Alhaji.

Ban roƙa ba. Na san in na roƙa za a yi «subhanallahi» da «bari mu duba wata dabara», ni kuma ba ni da wanga lokaci. Na kama bakin rawanin ta baya na warware shi zagaye bayan zagaye, sai ga sanƙon da ko Dije ta ce ba ta taɓa gani ba yana ƙyalli cikin rana. Shi da kanshi ya tallaba Yaya bisa moto, shi ya ƙulla ƙullin ƙarshe a cikina. Na bar mishi sauran bido da gumba da moton da bai iya tuƙawa ba, na ce zan turo a ɗauke shi. Na tafi na bar dattijo kai buɗe cikin daji. Wanga ma gaskiya ne.

Yadda na kai, Allah kaɗai ya sani. Kan Yaya na bugun kafaɗata, ina ta yi mishi surutu don kar ya tafi, har alkawarin daina taɓa portabul na yi, wanda ban cika ba. A ƙaramin gidan likita na Tabelot majo, babban ma'aikacin jinya, ya tarbe mu, wani siriri mai saurin hannu. Kafin in gama bayani ya sa serom na ƙarin ruwa, ya sa an jiƙa zannuwa.

«Yaushe rabonshi da ruwa?»

«Tun asuba.»

«Azumi yake?»

«A'a. Surukinshi ya ɗauko.»

Majo ya tsaya da allura a hannu ya dube ni.

«To surukin zai ara mishi ƙoda?»

Na aika manomin lambun ya je da motonshi ya ɗauko Alhaji. Shi ne ya tarar da shi zaune gindin goriba ya kifa jiƙaƙƙen buhun bido a kai. Manomin ba mugu ba ne, amma bakinshi ba shi da marufi. Kafin washegari mota ta maido mu babban gidan likita na Agadas, labari ya riga mu isowa, kuma ya iso ba Yaya a ciki. Abin da gari ya ji kawai: ɗan gidan baduku ya zagi Alhaji, ya tuɓe shi, ya yar da shi cikin daji da buhu a kai.

Dokter ya ce zafin ya sauka amma ƙoda ta tsaya. In ba ta tashi ba cikin ƴan kwanaki, sai an kai shi nesa inda injin wankin jini yake, in ya jure hanyar. Anka rataya jakar robar nan. Muna cikin wanga hali Baba ya kira ni tsakar gida. Na ɗauka zai ce sannu.

«Ba ni lakile.»

Na miƙa mishi lakilen, makullin moto ke nan.

«Da hannunka ka taɓa rawanin Alhaji?»

«Baba, Yaya mutuwa zai yi.»

«Rai na Allah ne. Ba ka da baki? Ba ka iya roƙo? Ni na haifi wanda zai ce wa dattijo juya baya? Da wane ido zan dubi mutanen masallaci?»

«Da idon da za ka dubi gawar ɗanka, Baba.»

Ban san sadda maganar ta fita ba. Bai mare ni ba, da ma ya mara. Ya sa lakile aljihu ya juya. Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Na koma wajen Inna ina huci, ina jiran ta goyi bayana. Sai ta ce, tana share ido da bakin mayafi:

«Kai ma da naka. Don mi anka haɗa ka da su? Aikin na ukun tafiya ke nan. In an tsaya sai ka ce, Yaya zo ka duba mini sarƙar moto, ka ja shi bayan dutse, ka ba shi ruwa ba wanda ya gani. Haka ake yi tun zamanin ayari. Babba ma ya san ya tashi ya ba da wuri. Ai na ce maka ka kula da shi.»

Franchement, gaskiya nan ne raina ya fi ɓaci. Ashe al'adar tana da ƙofa! Ashe kakanninmu ba wawaye ba ne, sun san ƙishi ba ya jin kunya, sunka bar mata hanya. Lokacin raƙuma ayari dogo ne, suruki ya ja baya da raƙuminshi ya sha daga salka, wa ya gani? Amma moto fa? Moto ba shi da baya da za ka ja, surukinka numfashinshi na cikin wuyanka. An ɗauko dokar raƙumi an ɗora bisa moto, an manta ƙofar a gida. Kuma ni da anka ba aikin ƙofar ba wanda ya gaya mini da Hausa. «Ka dai san da wa zai tafi.» Shi ke nan fa! Na ce Inna, mi ya hana ki ce mini, yayanka ba zai sha ruwa gaban Alhaji ba, ka ja shi gefe? Ta ce ai irin wagga magana ba a faɗinta ɓaro-ɓaro. Ka ji ko? Kunyar ma kunyar bayaninta ake ji. Ana koya mana sunan ƙasusuwan kwaɗo a lise, amma abin da zai hana yayanka mutuwa sai dai a yi maka shi da ido.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mini. Uwarka. Tana zaune bakin gado da cikinta, ubanta a gefe guda na maganar, mijinta a ɗaya gefen, kowa na satar kallonta ya ga ina za ta faɗa. Da ɗaki ya yi sauƙin mutane ta kira ni da hannu.

«Rezo, sanƙon Baba da gaske yana ƙyalli?»

Na ce kamar tire.

Ta toshe baki tana dariya, hawaye na zuba.

«Da ka tsaya roƙo ka bar mini shi ya mutu, da ni zan tuɓe ka tsakiyar kasuwa.»

Ran na huɗu, ka riga ka ji. Jakar roba ta yi nauyi, Inna ta yi guɗa, dokter ya yi murmushi ya ce an tsallake. Irin albasa kuwa ya ƙone ƙurmus, lambun bai ba da komi ba wannan karon.

Bayan sati guda da sallamo Yaya, Alhaji ya zo gidanmu. Sabon rawani fari fat. Zaure ya cika, Baba sai ba da haƙuri yake, ni ina rakuɓe bakin ƙofa da tsohon rawanin a hannu, na wanke na ninke. Yaya na zaune jingine da bango, da jin sallamar Alhaji ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Alhaji ya ce a kawo mishi ruwa a moɗa. Anka kawo. Sai ya sa yatsa ya sauke nashi amawalin gaban kowa, ya sha rabi, ya miƙa wa ubanka sauran.

«Sha. Ina kallo.»

Yaya ya sunkuyar da kai.

«Malam Ila, ni ma na yi tafiya da nawa surukin, na san ana tashi a ba yaro wuri. Na sani sarai. Albasa ce ta rufe mini ido. Sha, ko in kira Rezo.»

Zaure ya fashe da dariya, har Baba sai da gemunshi ya motsa. Yaya ya sauke amawali, ya shanye, muna jin ƙarar maƙogwaronshi. Na matso na miƙa rawanin. Alhaji ya ture hannuna.

«Riƙe. Ka daina yawo cikin rana da kai kamar tulu ba marufi.»

Kar ka ɗauka daga nan komi ya gyaru. Baba ya ce Alhaji ya yafe nashi, shi bai yafe nashi ba. Da ƙafa na yi ta zuwa lise har na ci bak, da ƙafa nake zuwa iniversite, wato jami'a, in ban samu mai rage mini hanya ba, lakile na nan cikin aljihunshi shekara guda. A unguwa har yau akwai tsofaffin da in na gaishe su sai su dafe rawaninsu, wai wasa. Yaya ma, bayan moɗar nan, ya koma gidan jiya, ba ya sha gaban kakanka. Sai dai ya canza tafiya: asuba yake tashi ko da wa zai tafi, in rana ta take yana kwance inuwa, yana sha tun ƙishi bai zo ba, yana sa ɗan gishiri da sukari cikin butali guda, kuma in ya kewaya yana duba kalar abin nan da munka yi wa guɗa. In ya yi duhu, ba ya tada moto sai ya ƙara ruwa.

Sannan ga abin da na gani satin da ya wuce, wanda ya sa na zauna rubutun nan. Yaya zai sake kai Alhaji lambu. Da safe na ga wani ɗan bido rataye a ƙirjinshi cikin riga, da siririn tiyo da ya bi ta ƙarƙashin amawali har bakinshi. Yana tsotsa, fuska rufe, ba wanda ya gani. Bidon kuma an yi mishi kube na jar fata, ɗinki sumul, da igiyar rataya. Duk Agadas mutum ɗaya ke irin wanga ɗinki, na san hannunshi tun ina rarrafe. Na dubi Baba, yana zaune bakin rumfarshi yana huda takalmi kamar bai san ana yi ba. Kwana nawa ya yi yana ɗinka wa kunya tiyo, amma ya buɗe baki ya ce «Muntari, ka yi daidai», wanga ya fi ƙarfinshi. Ban sani ba in yi dariya ko in fasa ihu. Na yi duka biyu, bayan gida.

To Abba, in ka girma anka ce maka baffanka marar kunya ne, ka ce e, ka tambaye su wa ya koya maka tafiya, uba ko kabari. Rawanin kakanka na nan wajena, ranar da ka fara hawan moto zan naɗa maka shi, in sa maka bido a gaba.

Ku kuma da wanga rubutu ya faɗo cikin portabul ɗinku, bazara ta sake shigowa, gobe da asuba wani zai ɗauki surukinshi ko malaminshi ko ubangidanshi bisa moto ya nufi duwatsu. Don Allah ku tura mishi. Ku tura wa na ukun tafiya, ku tura wa dattijon da za a ɗauka. Wanda bai iya karatu ba, ku karanta mishi da ƙarfi, ɓaro-ɓaro.